Mabuɗin Surukina

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a koma. Surukina, mahaifin matata, ya riga mu tafiya wata Talata a farkon daminar bana, bayan zazzaɓin kwana huɗu da kowa ya ɗauka na sauyin iska ne. Aka yi masa sutura a nan Tanut kafin azahar.

Ban taɓa ganin zaman makoki mai yawan raƙuma irin nasa ba. Kafin rana ta biyu ta faɗi, ƙofar gidan ta koma kamar kasuwar dabbobi. Buzaye sun zo daga arewacin Belbeji, Fulani daga kwarin Tarka, manoma kuma daga Falanko inda aka haife shi. Da yawansu ba su ma san sunansa ba, Mai Kaye suke ce masa, saboda kaye, wato littafin rubutu, da ba ya rabuwa da shi. Wata tsohuwar Bafulatana ta ƙi shiga cikin gida wurin mata, ta zauna a gindin katanga ta ce ita ba wurin kowa ta zo ba, wurinsa ta zo. Liman ya ce shekara talatin yana ganinsa a sahun farko, bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni kuwa na taɓa ji, amma ba wurin faɗa ba ne.

Ana cikin haka wani dattijon Buzu ya gama addu'a ya shafa, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kai ne mijin ɗiyar? Sunana yana nan cikin ƙarfen?"

Na ce yana nan. Ban yi masa ƙarya ba. Sunansa yana ciki, ƙofar kuwa a kulle take, mai mabuɗin kuma jiya muka rufe shi da ƙasa.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane zancen. Ni da surukina biro ɗaya, wato ofis ɗaya, muke aiki, a wani furoje na agaji da ke raba uwayen tumaki da awaki ga gidajen da babban farin tamanin da huɗu ya share wa garke. Ni nake buga takardu, shi yake riƙe da sunayen mutane. Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana ordinatar, wato kwamfuta, guda uku, aka haɗa su da wata waya da ke bin gindin bango. Teknisiyan da ya zo daga Yamai ya kafa su ya yi mana bayani: a cikin babbar akwai rajistar ma'aikata, ita ke faɗin wa zai shiga da kuma ɗakin ajiyar bayanan da zai iya buɗewa a cikin injin. Mutum ɗaya ne zai riƙe mabuɗin wannan rajista, wato wata kalma ta sirri, shi ke sa suna, shi ke cirewa, shi ke ba da izini. Direkta ya ce shi kullum yana hanya, mu zaɓa a tsakaninmu.

Mu duka muka juya muka kalli surukina. Teknisiyan ya yi dariya ya ce a'a, wanda ya san hannunsa a kan madannai ake so, ya nuna ni. Ni in karɓi mabuɗi surukina yana zaune? Na sunkuyar da kai na yi ta kallon takalmina har mutumin ya gaji. Haka aka damƙa rajistar ga mutumin da bai taɓa taɓa injin rubutu ba. Teknisiyan ya gargaɗe mu: in aka buga kalmar ba daidai ba sau uku, ƙofar za ta cije, kuma shi in ya zo gyara sai ya share komai ya kafa sabo. Don haka ya ce a rubuta kalmar a sa cikin ambulan a ajiye a aljihun tebur. Surukina ya ce, "To." Duk wanda ya zauna da shi ya san "to" ɗinsa iri uku ce, kuma wannan ita ce wadda ke nufin a'a.

Babu wanda ya sake tayar da zancen a gabansa. A wurinmu, ka je ka ce wa dattijo ya ba ka mabuɗinsa saboda ko ta-kwana, ai ka fara auna masa likkafani ke nan. Sau biyu direkta yana tura ni in tambaye shi. Sau biyun ina zuwa in tuɓe takalmi in durƙusa, sai in ji bakina yana tambayar yadda geron gonarsa ya yi.

Kullum da safe in an tayar da gurup, injin lantarki, wuta ta kawo, sai ya ɗauki butarsa ya wanke hannu, ya zauna ya gyara tabaransa mai ɗaurin zare, ya ce, "A ba ni wuri." Duk sai mu juya wa injin baya. Za ka ji danni ɗaya, shiru, wani dannin, shiru, da yatsa guda yake yi, ba ya sauri ko da direkta na tsaye yana duba agogo. In ya gama sai ya tashi in zauna. Bai taɓa kiran abin ordinatar ba, "baƙon nan" yake cewa, kamar wanda yake jiran ranar da za a yi masa rakiya.

Kafin furoje, a gidan waya ya yi aiki, shi ke haɗa layi. Tsofaffin garin nan har yau suna ba da labari. In ka ce a haɗa ka da wane a Damagaram, sai ya ce wane ba ya nan, ya tafi bikin ɗiyar ƙanwarsa, amma ga maƙwabcinsa in saƙon na gaggawa ne. Tambayoyinsa biyu ne a duniya: "Ɗan wa?" da "Wace rijiya?" Ranar da iyayena suka je neman auren ɗiyarsa ma su ya yi musu, ko da yake mu ƴan gari ne, famfo muke sha. Sai da kawuna ya tono masa rijiyar kakanmu sannan ya saki fuska.

Lokacin farin, da mutane suka kwararo daga arewa suka yi sansani a bayan gari, babu wanda ya aike shi. In ya tashi daga aiki sai ya ɗauki kaye ya bi bukka-bukka yana rubuta wane ɗan wane, rijiya kaza, mutum nawa suka taso, nawa suka iso, ina suka nufa. Mutane suna ce masa masu jin yunwa hatsi suke so, ba alƙalami ba. Yakan ce hatsin ba ya da shi, alƙalamin yake da shi. Da ruwa ya dawo aka fara neman juna, sai ga layi a ƙofar gidansa. Tsohuwar nan da ta zauna a gindin katanga, a kayensa aka gano mata ɗiyarta, can kudu, bayan ta riga ta yi mata sadakar mamaci. Saboda wannan ne furoje ya ɗauke shi. Shekara uku ya yi yana tattara gidajen da suka dawo daga gudun fari, da injin ya zo kuma yana faɗa ina bugawa.

Faɗanmu ɗaya ne da shi, kuma shi ya jawo duk abin da ya biyo baya. Wata rana ina gyaran jerin sai na ga suna guda ya fito sau biyu: suna ɗaya, sunan uba ɗaya, rijiya ɗaya. Na ce tsufa ya fara taɓa dattijo, na goge ɗaya, ina jin kaina gwani. Washegari ya sa na karanto masa mutanen rijiyar, ya tsayar da ni a daidai wurin. Suruki ba ya yi wa mijin ɗiyarsa faɗa ido da ido, don haka ya leƙa waje ya kira shofer, mai tuƙa motar furoje. Ina zaune taku biyu daga gare shi ya ɗaga murya ya ce wa shofer ya gaya wa masu boko cewa mutanen nan biyu ne, jikokin kaka ɗaya, ɗaya kunnen dama yake tsaga wa awakinsa, ɗaya na hagu, kuma wanda aka goge yana da baki tara da yake ciyarwa.

Raina ya ɓaci, ba don ƙarya ya yi ba, don a gaban mutane ne. Ni ma na ce wa shofer ya gaya wa dattawa cewa inji ba ya ganin kunnen akuya. Kwana uku muna magana ta bakin bawan Allahn nan, har ya fara laɓewa a ƙarƙashin mota yana cewa gyara yake yi. Rana ta uku surukina ya sa a tambaye ni ko akwai yadda za a yi ɗakin da jerin yake ya zama ba ya buɗuwa sai da sunansa. Na ce akwai. Ya buɗe rajistar, na zauna cikin fushi na cire sunana da na direkta daga masu izinin shiga ɗakin da hannuna, har ina danna madannai da ƙarfi don ya ji. Bayan mako guda matata ta miƙo mini ɗan tandun kwalli ta ce babanta ne ya aiko, wai ya ga idona na ruwa, baƙon nan yana cin ido. Faɗan ya mutu a nan, amma ban mayar da sunayen ba, shi ma bai ce a mayar ba.

To ga inda muka tsinci kanmu ranar da aka share makokin uku. Kaye-kayen nasa da muka jibge a sito bayan an buga su, gara ta mayar da su gari. Jerin bai taɓa fita a takarda ba, don ya hana a buga sai ya cika, kuma gidaje na ƙarshe mako ɗaya kafin ciwonsa muka shigar da su. Dabbobin kuwa an riga an saye, suna killace a Belbeji, ciyawar da aka tanada tana ƙarewa, an kuma sanar da ranar rabo. Direkta ba mugun mutum ba ne, amma ya gaya mini gaskiya: in ba a buɗe ba zuwa Alhamis mai zuwa, zai kira teknisiyan, a yi rabon da tsohon jerin da ke Damagaram. Wannan jerin a tsakiyar fari aka yi shi, lokacin da mutane suka watse. Dattijon Buzun nan ba ya ciki. Tsohuwar Bafulatanar ma ba ta ciki.

Gwaji na farko ni na ɓata shi. Na ce mutumin da ba ya minti goma bai ambaci garinsu ba, me zai zaɓa in ba Falanko ba? Na buga, injin ya yi ƙara ya ƙi. Direkta ya ɗaga mini yatsu biyu, wato saura gwaji biyu, ya fita.

Da yamma na roƙi matata ta tambayi innarta, ko ya taɓa yi mata zancen. Surukata tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar ɗaki. Matata ta daɗe a ciki kafin ta fito. Ta ce inna cewa ta yi, "Sunan wancan ne." Ba ta ƙara ba.

Wancan shi ne ɗansu na fari. Yana shekara uku ƙyanda ta ɗauke shi a Falanko, tun ba a haifi matata ba. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa da uba ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, wasu har su mutu sunan bai fita bakinsu ba. Surukaina kuwa mutanen da ne, sun riƙe abin da gaske. Matata ta girma ta san tana da yaya a ƙasa, amma ba ta taɓa jin sunansa ba, kuma ba ta ga fuskar da za ta ce wa uwarta ta faɗa ba. Ni ma ban ga wannan fuskar ba.

Sai na tuna da yayar marigayin, gwaggon matata, da ta koma Falanko bayan addu'ar uku. Da sassafe muka kama hanya da shofer. An yi ruwa, sau biyu muna kafewa muna tura mota. Muka iske ta tana tsinke zogale, idonta ya yi rauni amma bakinta garau. Ko tunani ba ta yi ba ta faɗi suna, har ta ba mu labarin yadda yaron yake bin ta gona. Na dawo ina ta murna, ko gida ban biya ba na wuce biro da taɓo a wandona. Na buga. Injin ya sake yin ƙarar nan.

Daga baya muka gane laƙabin da kakarsa ta sa masa ne gwaggo ta ba mu, da shi duk gidan suke kiransa har sunan yanka ya ɓace musu. Waɗanda suka halarci sunan kuwa, wasu sun mutu, wasu fari ya kai su inda ba mu sani ba. Wanda zai iya gaya mana inda suke shi ne muka binne.

Ranar Laraba ban iya cin abinci ba. Masu gaisuwa ba su daina zuwa ba, kuma duk wanda ya shafa addu'a sai ya ɗan dube ni. Wani ya ce ya riga ya gyara shingen awaki. Wata ta ce ta gaya wa jikokinta bana za su sha nono. Ina amsa "in Allah ya yarda" har kalmar ta fara yi mini nauyi a baki. Tsoro nake ji ƙwarai, ga kuma kunya, don na san hannuna ne ya kulle ƙofar nan saboda zuciya.

Alhamis da hantsi na tuɓe takalmi na durƙusa a ƙofar ɗakin surukata, asabari a tsakaninmu. Shekara takwas ina auren ɗiyarta, magana ba ta taɓa wuce gaisuwa ba tsakanina da ita. Matata ta zauna a bakin ƙofa don ta riƙa isar da zance, ko da yake duk muna jin juna. Na faɗi komai: dabbobin Belbeji, tsohon jerin, gwaji biyu da suka tafi, har da faɗan da abin da na yi. Na ce ban zo in sa ta abin da ba ta so ba, na zo ne don kada a ce ban faɗa mata ba.

Ba abin da nake ji sai ƙarar ƴaƴan carbi. Can ta yi magana, kuma ba da ɗiyarta take ba, da ni take kai tsaye.

"Ranar da aka ba shi abin nan ya dawo ya ce mini ya zaɓi kalmar da ko a mafarki bakinsa ba zai suɓuce ya faɗa ba. Na ce kai dai da rigima. Ya ce ai ba kira ba ne, yatsa ne."

Matata ta yunƙura za ta tashi ta ba mu wuri. Uwar ta ce, "Zauna. Yayanki ne."

Ta tambaye ni gidaje nawa ne a ciki. Na ce suna da yawa, ban riƙe adadin ba. Ta tambaya ko akwai masu ƙananan yara. Na ce kusan duka. Har na fara tunanin in yi sallama in tafi. Sannan ta faɗi sunan, sau ɗaya, a fili, da murya irin ta wadda ke kiran yaro ya shigo ya ci abinci. Suna ne da rabin garin nan ke amsawa, ba wani baƙon abu ba. Matata ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na tashi ban ko iya yin godiya ba, ina tafe ina maimaita shi a zuci kada ya zube mini a hanya.

A biro na zauna gaban injin. Na buga harafin farko, na duba, na buga na biyu. Da na kai ƙarshe na daɗe yatsana na kan madannin shiga ban danna ba, don na san bayan wannan babu wani. Na yi bisimilla na danna. Babu ƙara. Rajistar ta buɗe, ga sunayenmu mu shida a jere, nasa a sama. Na mayar wa direkta izininsa, na mayar da nawa, na shiga ɗakin jerin na iske shi yadda ya bar shi. Injin bugawa ya yi ta kuka har la'asar, ban matsa daga wurin ba sai da takarda ta ƙarshe ta fito. Aka yi rabo a Belbeji a ranar da aka sa, da jerin surukina.

A yammacin Alhamis ɗin na koma na durƙusa a inda na durƙusa da safe, na ce a gaya wa inna ya buɗe. Ta yi hamdala. Na ƙara da cewa direkta yana so a rubuta kalmar a sa a ambulan, mutum biyu su san ta, kada a sake irin wannan.

Ta ce, "Ku sa wata. Shekara arba'in ina riƙe da shi, yau na ba da shi don ƴaƴan mutane su sha nono. Na biya ke nan. Ku bar mini yarona ya kwanta."

Washegari na canza kalmar, na rufe sunan surukina a rajistar, kuma ban gaya wa kowa tsohuwar kalmar ba, ba zan rubuta ta a nan ba.

Allah Ya jiƙan Mai Kaye, Ya yafe masa, Ya yafe mini abin da na yi masa cikin fushi. Allah Ya ba surukata haƙuri. Shi kuma Ya sada shi da yaronsa, a inda zai kira shi da baki ba tare da jin kunyar kowa ba. Amin.